Sa wa ƙaramin inji matatar iskar mota: abin da ya kamata ku sani

A Amurka da Turai, inda gidaje da yawa ke da filin ciyawa da injin yanke ta, akwai masu cire matatar iskar da kamfani ya sa wa injin su ɗaura masa ta mota. Dalilinsu shi ne idan rani ya yi, wuƙar injin tana tayar da ƙura da guntayen busasshiyar ciyawa, 'yar matatar ta toshe kafin a je ko'ina. A nan wajenmu ba a cika ganin injin yanke ciyawa ba sai a filin ƙwallo da harabar jami'a da otal-otal. Amma irin injin da ke cikinsa, mai silinda ɗaya da iska ke sanyaya shi, shi ne dai a injin ban-ruwa na fadama, da janareta, da injin markaɗe. Honda GX160 da GX200, da kwaikwayonsu na ƙasar Sin da ake kira 168F, da na kamfanin Briggs & Stratton, duk tsarinsu ɗaya ne ta wannan fuska. Ƙurar da suke shaƙa a nan lokacin hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta fi ta filin ciyawa yawa nesa ba kusa ba.

Mutane suna lura da fetur saboda shi ake saye, amma iska ce inji ya fi ci. Kafin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000, kuma duk ta cikin ɗan soso ko takardar matatar za ta bi. Ƙurar da ke cikinta galibi garin yashi ne, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta kuɓuce ta shiga, sai ta haɗu da baƙin mai ta riƙa cin bangon silinda da zobban fistin kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya. Ba a rana ɗaya ake ganin ɓarnar ba. Sannu a hankali injin zai soma shan baƙin mai, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, tashinsa ya yi wuya, har a wayi gari bakanike ya ce sai an sauke shi.

Amfanin matatar mota a faɗinta yake. GX160 mai cc 163, idan yana juyi 3,600 a minti, iskar da yake ja ba ta kai lita 300 a minti ba. Injin mota mai lita 1.8 kuwa, a juyi 3,000, yana iya jan sama da lita 2,000. Matatar da aka yi domin injin mota ta yi wa ƙaramin inji yawa sosai, saboda haka iska tana ratsa ta a hankali, ƙura ta bazu a kan takarda mai faɗi, a daɗe ba a buɗe ta ba. Ga manomin da injinsa ke wuni a bakin rafi, ko mai markaɗen da ke gefen hanya marar kwalta, wannan riba ce ta gaske. Kuma matatar motar da ta yi yawa a gari ba ta wuyar samu, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna.

Ƙarin ƙarfi dai kada a sa rai da shi. Waɗannan injuna suna da gwamna, wanda ke riƙe juyinsu a inda aka saita, 3,000 a janaretan da ke ba da wuta irin tamu, kusan 3,600 a yawancin injunan ban-ruwa. Maƙogwaron kafireta da bawul su ke iyakance iskar da ke shiga, matata mai tsabta ba ta tauye komai. Wanda ya ji injinsa ya ƙara kuzari bayan canjin, tsohuwar ce dama ta toshe.

Inda aikin ke lalacewa shi ne mahaɗa. Bakin kafireta ƙarami ne, bakin akwatin matatar mota kuwa babba, dole a haɗa su da faranti da bututu da tiyo. Kowace mahaɗa ƙofa ce da ƙura za ta iya bi, kuma iska inda ya fi sauƙi take bi. 'Yar kafa da farce ba zai shiga ba ta isa ta mayar da babbar matatar ado kawai. Ni a ganina, matatar kamfani da ta zauna daram a mazauninta ta fi ta mota da aka ɗaure da robar tayar keke sau goma. Farantin da zai zauna a bakin kafireta ya zama shafaffe ba lanƙwasa, da fakin mai kyau a tsakani, kowane bakin tiyo kuma a matse shi da kilif na ƙarfe. Idan akwatin na motar zamani ne, a duba ramin da na'urar auna iska ke zama da sauran ƙananan bakuna, a toshe su duka. Kada a dogara da gam ɗin silikon a wurin da fetur ke taɓawa, domin yana kumbura ya saki, kafireta kuma takan feso ɗan fetur baya lokaci zuwa lokaci. Bututun roba na famfo ma yana laushi idan ya sha zafi.

Akwai ƙaramin tiyo da ke fitowa daga murfin bawul ya shiga gindin matatar asali. Ta nan injin ke fitar da tururin da ya taru a cikin cikinsa. Mutane da yawa sukan bar shi yana lilo bayan sun cire gindin, ba su san sun buɗe wa ƙura hanya kai tsaye zuwa baƙin mai ba. Sai a yi masa baki a jikin sabon bututun, a ɓangaren iska mai tsabta, a mayar da shi. Kada kuma a toshe shi, domin matsin zai tura mai ta wurin sil da fakin. A injunan GX da kwaikwayonsu, wannan gindi ne kuma ke danne hannun cok, idan aka cire shi ba a yi wani abin riƙewa ba, hannun sai ya fita.

Sai nauyi. Kusoshi biyu sirara ne ke riƙe da kafireta, bayanta kuma akwai wani ɓangare na roba mai tauri da ke raba ta da zafin silinda. Inji mai silinda ɗaya yana jijjiga ƙwarai. Idan aka rataya akwati mai nauyi a nan, ba da daɗewa ba robar ta tsage, iska ta riƙa shiga ta bayan kafireta, ga ƙura ga cakuɗa ta lalace. Akwatin ya samu ƙafarsa ta kansa a jikin firam, a bar guntun tiyo mai laushi tsakaninsa da kafireta ya shanye jijjigar. A nisanta shi da salansa, domin takarda da roba da tururin fetur ba sa zama kusa da ƙarfe mai zafi. Bakin da iska ke shiga ya yi sama gwargwadon hali, tunda ƙura ta fi yawa kusa da ƙasa, amma ya kalli gefe ko ƙasa saboda ruwan sama.

Bayan an gama, sai a saurari injin. An auna jet ɗin kafireta ne da matatar asali, to idan sabuwar ta fi sakin iska, fetur zai iya yin kaɗan. Alamarsa injin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ko ya ƙi zama daidai sai an ɗan ja cok, ya yi zafi fiye da da. A bar shi ya yi aiki da kaya na ɗan lokaci, a kwance fulogi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske shi ake so. Fari tas yana nufin fetur ya yi kaɗan, kuma wannan yana ƙona bawul, sai bakanike ya sa jet mai ɗan girma. Baƙi mai kunkunniya yana nufin iska ce ba ta isa ba, wataƙila tiyon ya yi tsawo ko ya lanƙwashe.

Gwajin mahaɗa kuwa ba ya cin ko sisi. Injin yana ƙaramin juyi, a rufe bakin shigar iska da guntun kwali mai kauri. Idan komai ya toshe daidai, nan take zai mutu. Idan ya ci gaba da aiki, yana samun iska ta wani wuri, sai a nemo wurin. Bayan kwana biyu na aiki a cire tiyon daga bakin kafireta a shafa cikinsa da farin ƙyalle. Ko ƙura kaɗan aka gani, aikin bai yi ba.

Ba kowace matata ce ta cancanci wannan wahala ba. Waɗannan masu siffar mazurari, masu launi da ragar waya da ake sa wa babura, an yi su ne domin iska ta wuce da sauri, kuma ƙura mai laushi tana ratsa su fiye da takarda. Matatar gwanjo da aka kaɗe aka goge ma ba abin saye ba ce. A ɗaga ta a rana, idan haske ya fito ta wani tsagi ko robar bakinta ta bushe ta fashe, a ajiye ta. Haka kuma a daina kai matatar takarda wurin mai faci ya hura ta da cikakken ƙarfin injinsa. Littafin Honda ya ce kada iskar ta wuce psi 30, kuma daga ciki zuwa waje.

Kafin ma a kai ga kayan mota, akwai hanya mafi sauƙi. Honda tana yin matata mai baƙin mai a ƙasa da kuma mai juya iska ta watsar da ƙura domin wuraren da ƙura ta yi yawa, kuma suna hawa injin ba tare da yanka ko walda ba. Wanda bai samu ba, ya kula da sosonsa: ya wanke shi da ruwa da sabulu, ba da fetur ba, ya bari ya bushe sarai, ya jiƙa shi da baƙin mai mai tsabta ya matse. Ƙa'idar kamfani ita ce bayan awa 50 na aiki, kuma ta ce a yawaita inda ƙura take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai injin da ke wuni a waje ya buɗe matatarsa ya duba kowace safiya kafin ya ja igiya.