Uwargida, Yara Nawa Ke Shiga Ɗakin Gwaji Tare da 'Yarki?

Uwargida, idan za ki sa 'yarki a sakandare, kina bincikar kuɗin makaranta da tarbiyya da ingancin malamai. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai iyaye ke yi ba: yara nawa ke shiga ɗakin gwajin kimiyya ko ɗakin koyon girki a lokaci guda?

Darasin alli da allo daban yake da wanda ake yi da wuta da wuƙa da asid da zarto. A irin wannan darasi idon malama shi ne garkuwar yara, ido biyu kuwa ba sa iya bin hannu ɗari. Idan aji ya cika maƙil, ɗaliba kan ture kwalbar 'yar'uwarta da gwiwar hannu, kafin malama ta ratso cunkoso ɓarna ta riga ta auku. In kuwa wuta ta kama, turereniya a bakin ƙofa wani haɗarin ne na daban.

Shi ya sa aka yi ƙa'ida. Kundin manufofin ilimi na Najeriya, bugun 2004, ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a aikin hannu na darussan fasaha da sana'a ya rage su zuwa 20. A Sikotilan ma 20 ne iyakar ajin da ake aikin hannu a cikinsa. Makarantar da yara suka yi mata yawa tana iya kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da lokacinsa.

Don haka ranar taron iyaye da malamai, ki yi tambaya cikin ladabi. Ana kasa yaran? Akwai mai taimaka wa malama? Akwai ruwa da bokitin yashi da abin kashe gobara? Ana duba tukunyar gas? Ƙofa nawa ce a ɗakin?

A gida ma akwai naki aikin. Hijabi mai faɗi na leda yana saurin kama wuta, ya narke ya manne a fata. Ki ɗinka mata ƙarami na auduga da za ta cusa cikin rigar aiki, ga sutura ga kariya. Ki koya mata cewa asid ake zubawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Idan mai ya kama wuta a kasko, a kashe murhu a rufe shi da murfi, kada a watsa ruwa. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ban da man goge baki da ɗanyen ƙwai, sannan a nufi asibiti.

Kada tsoro ya sa ki raba ta da kimiyya, 'yar'uwa. Likitoci mata da ungozomomin da muke nema a asibiti duk ta wannan ɗakin suka biyo. Yara amana ce, rigakafi kuma ya fi magani. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.