Masu Duba Gyaran Linux

Duk wayar Android da ke hannun mutane daga Kazaure har Gwiwa, Linux ne a ƙarƙashinta, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. Ƙashin bayanta, wanda ake kira kanel, shi ke tsare fayiloli. Akwai waɗanda sana'arsu ita ce karanta gyaran da wasu suka aiko masa kafin a karɓa.

Aikin ya fi tsauri inda fayiloli biyu suke tarayya a kan bayanai guda. A tsarin ajiya irin Btrfs da XFS, za ka iya kwafar fayil ba tare da an sake rubuta shi ba. Tsohon da sabon sai su zauna kamar 'yan gandu, sai ran da ɗaya zai canza wani abu a yanka masa nasa. To a nan mai duba gyara yake kafa ido. Wa ke riƙe da makullin bayanan a wannan layin na gyara? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, me za a tarar? In manhaja biyu suka kai hannu lokaci guda fa? Yakan yini a kan layi goma, ya gwada su da manhajar gwaji mai suna fstests, sannan ya sa sunansa, wato ya ɗauki alhaki.

Ga misalin kuskuren da ya kuɓuce wa masu dubawa: a 2021 aka yi ta kai wa Max Kellermann, wani Bajamushe, ƙorafin lalacewar fayiloli. Sai a Fabrairun 2022 ya gano tushen: tun kanel 5.8 na 2020, mutum na iya rubutu a kan fayil ɗin da karatu kawai aka yarje masa. Aka sa wa kuskuren suna Dirty Pipe. Gyaransa layi biyu ne.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin masu wannan aiki. Kowa so yake ya rubuta sabo, duba na wani kuwa ba ya jawo suna. A 2023 Darrick Wong ya sauka daga jagorancin XFS saboda gajiya.

Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya shiga wannan aiki, don ba a tambayar takarda. Ana bukatar yaren C, da haƙuri, da kwamfutar da ba za a yi baƙin ciki ba in fayilolinta sun lalace wurin gwaji.