Fitila ɗaya da farin allo sun isa a buɗe ɗakin hoto

Duk sa'ad da salla ta gabato, a Maraɗi ko Damagaram, akan ga samari sun share zaure sun rataya labule, sun ce sun buɗe ɗakin ɗaukar hoto. Galibinsu wajen sayen na'urar ɗauka kuɗinsu ke ƙarewa, sai su bar maganar haske a hannun ampul ɗin da ke reto a rufi.

To, ga dattijo ya shigo da farar shadda da rawani. Farin tufa yana maido da haske mai yawa, baƙar fata kuwa kaɗan take maidowa. Na'ura sai ta auna farin, fuska ta nutse. Hasken da ke saukowa daga bisa kuma yana cika kwarmin idanu da inuwa. Mutum ya yi ado don ƴaƴansa su tuna da shi, a miƙa masa hoton riga babu fuska, yaya za a yi ya sake dawowa?

Maganin ba tarin fitilu ba ne. Fitila guda ta wadatar, in an bi da haskenta ta cikin farar laima don ya yi laushi, an kafa ta gefe, tsakanin gaba da kafaɗar mai zama, sama da idonsa kaɗan. A ɗaya gefen a jingina farin allo, ko kwali da aka liƙa wa farar takarda, ya mayar da haske ga kumatun da ke cikin inuwa. A kula da tazara: fitilar da aka janye daga mita 1 zuwa mita 2, rubu'in haskenta kawai ke isa fuska.

Wace iri za a saya? Tsofaffin fitilu masu zare suna ba da haske ja-ja, kimanin kelbin 3200, ga zafi. A watan Afrilu babu amaryar da kwalliyarta za ta jure musu. Filashi yana da ƙarfi, amma sabon shiga ba ya ganin inda inuwa ta faɗi sai bayan ya ɗauka. A ganinmu fitilar LED mai kelbin 5500, wadda ta yi kusa da hasken rana, ita ta fi dacewa da mai koyo. Kada a haɗa ta da ampul ɗin ɗaki, domin launi biyu ɓata fata suke.

Sai kuma maganar kuran. Waɗanda suka ga yadda garuruwanmu suka shiga duhu a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, ba sa bukatar a ce musu su zaɓi fitila mai aiki da batir.

Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya karaya. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, mafi yawan hotunan da suka ɗaukaka sunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zanen gadonsa a matsayin labule na farko. Inuwar zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, da hantsi, tana yin wannan aiki har yau, muddin an zaunar da mutum ƙofar na gefensa, ba bayansa ba.