Yadda ake lissafin lokacin ma'aikatan manhaja a ayyukan bincike

Duk binciken lafiya ko na noma da ake yi a ƙauyukan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa a yau, da wuya a rasa wayar salula a cikinsa. Masu tattara bayanai suna cike fom a manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, alƙaluman asibitoci kuma suna shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. A bayan fage akwai wasu 'yan tsirarun ma'aikata, galibi a birnin Kano, waɗanda ke tsara fom ɗin, su gyara shi idan ya ƙi, su tace bayanan kafin su kai ga mai bincike. A Ingila an raɗa wa wannan sana'a suna tun 2012, injiniyan manhajar bincike, har ta samu ƙungiyarta a 2019.

Matsalar ita ce mutum ɗaya yakan yi wa ayyuka uku ko huɗu hidima a lokaci guda, kowanne da mai ɗaukar nauyinsa. To wa zai biya wace sa'a?

Me ya sa ake lissafin?

Dalili na farko kuɗi ne. Dokar tallafin gwamnatin Amurka ta ce albashin da aka ɗora wa aiki dole ya dogara da rubutaccen bayanin aikin da aka yi a zahiri. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai kuwa yana raba kuɗin ma'aikaci na shekara gida 215 domin fitar da kuɗin yini guda, sannan a ninka da kwanakin da ya yi wa aikin. Idan masu binciken kuɗi suka zo babu shaida, suna iya cewa a mayar da kuɗin.

Na biyu adalci ne. A ɗauka an rubuta cewa wata ma'aikaciya za ta ba binciken zazzaɓin cizon sauro rabin lokacinta, wato sa'a 20 cikin 40 na mako. Sai kiraye-kirayen masu aikin ƙididdigar manoman rani a yankin Tiga suka riƙa cinye mata sa'a 8 duk mako. A wata uku, wato mako 13, an tafi da sa'a 104, kwanakin aiki 13 cur, wani aiki ya biya wani ya ci moriya. In ba a rubuta ba, ita za a ɗora wa laifin jinkiri.

Me ake rubutawa?

Abu huɗu sun wadatar: kwanan wata, sunan aiki, nau'in hidima, da tsawon lokaci. Nau'in hidima kada ya wuce biyar ko shida, misali tsara fom, tace bayanai, horaswa, amsa kira, taro, da tafiya. A riƙa ƙirgawa da rabin sa'a. Mai bin minti-minti yakan gaji ya watsar tun kafin wata ya ƙare. A kuma cike a ranar da aka yi aikin, domin wanda ya bari sai Juma'a, cankar abin da ya yi ranar Litinin zai yi.

Tafiya na buƙatar layinta daban. Wanda ya tashi daga Kano, ya bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Ririwai don saita wayoyin masu tattara bayanai, yini guda ya kashe, ko da saitin bai wuce sa'a biyu ba. Idan sa'a biyun kawai aka rubuta, kasafin baɗi zai nuna kamar aiki a Doguwa da aiki a Tarauni kuɗinsu ɗaya.

Wace manhaja ta dace?

Ƙaramar tawaga na iya farawa da Excel ko Google Sheets, kowa da shafinsa. Clockify da Toggl Track suna da agogon da ake dannawa a fara, a danna a tsaya, kuma manhajarsu ta waya tana riƙe bayani idan babu sabis, ta tura daga baya, abin da ke da amfani a wuraren da intanet ke yankewa. Kimai kyauta ce, ana ɗora ta a kan uwar garken cibiya, ta yadda bayanan ma'aikata ba za su fita waje ba, sai dai tana buƙatar mai kula da ita.

Bambancinsa da sa ido

Mutanen Kano sun san bibiya da na'ura. A lokacin yaƙi da cutar shan inna, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, an riƙa ba tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS domin a ga unguwannin da aka shiga da waɗanda aka tsallake. Wancan tsari wuri yake aunawa, kuma ya dace da aikin gida-gida. Aikin manhaja kuwa yawancinsa tunani ne. Wanda ya yi sa'a uku yana neman abin da ya hana fom turawa bai motsa daga kujera ba, amma ya ceci bayanan ƙauye guda. Shi ya sa manhajojin da ke ɗaukar hoton allon ma'aikaci ko ƙirga danna madannai ba su cika amfani a nan ba. Da zarar ma'aikaci ya ga da lissafin za a hukunta shi, zai cike sa'a 8 kullum ko yaya ranar ta kasance, alƙaluman su tashi a banza.

Abin da ya fi shi ne shugaban tawaga ya tara lissafin a ƙarshen wata, a zauna tare a duba: wane aiki ne ya ci fiye da rabonsa, wane ne aka tauye. Da wannan takarda ake zuwa wurin mai bincike a nemi ƙarin kasafi, ko a gaya masa cewa sabon fom ɗinsa sai wata mai zuwa.