Me Ke Sa Injin Mota Ya Tafasa?

A watan Afrilu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne aka fi ganin tsofaffin motoci tsaye a gefen hanyar Damaturu, tururi na tashi daga gabansu. Direbobi su ce rana ce. To, rana tana da nata laifi, amma galibi ba ita kaɗai ba ce.

Ko Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko Ford Mustang ta Amurka wadda ta fito a 1964, hanyar sanyaya injinsu ɗaya ce. In fetur ya ƙone cikin inji, wajen sulusin zafinsa ruwa ne ke kwashewa. Wani ɗan famfo ke tura ruwan nan ya zaga jikin inji, sa'an nan ya bi tiyo zuwa lagireto, inda yake ratsa 'yan siraran bututu, fanka na jawo iska tana shanye zafin. Daga nan ya koma inji.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne murfin lagireto. Mun sani ruwa yana tafasa a wajen digiri 100, amma in aka matse shi cikin abin da ke rufe gam, yana iya kai kusan 120 bai tafasa ba. Aikin murfin ke nan. In robarsa ta mutu, ko aka toshe bakin da tsumma, ruwa ya tafasa da wuri. Saboda haka kuma kada a kuskura a buɗe murfin inji na da zafi, gama ruwan zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu.

Na biyu shi ne irin ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yakan bar ɓawo cikin bututun, kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, har su toshe. Daga waje kuma ƙurar hunturu ta cika ragar lagireto, iska ta kasa wucewa.

Waɗansu makanikai sukan cire ɗan makullin nan da ake kira tamostat, wai don inji ya sha ruwa sosai. Wannan ba magani ba ne. Shi ne ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, in babu shi kuwa, da sanyin safiya inji ya yi ta shan mai yana cinyewa, ainihin cutar tana nan.

Malamin da zai koyar da darasin tafasar ruwa, to, ga abin misali a hannu. Ya nemi tsohon murfin lagireto a gareji, ya nuna wa yara robar da sifirin ɗin da ke ciki, su danna da yatsa su ji ƙarfinsa.