Idan An Rufe Ruwa, Me Masunci Zai Yi?

A ƙasar Sikotilan, akan rufe kamun kifin salmon a Kogin Tay daga tsakiyar Oktoba zuwa 15 ga Janairu, domin kifi ya samu ya yi ƙwai. Masu kamun ba sa zaman banza da hunturu. Sukan zauna gida suna ɗaura gashin tsuntsu da zare a ƙugiya, ta fito kamar ƙwaro, su adana sai an buɗe ruwa.

Su nishaɗi suke nema, mu kuwa abinci. A tafkin Lagdo, daga Yuli zuwa Satumba ba a su. Wanda ya ɗinke komarsa, ya gyara kwalekwalensa, ya riƙe gonarsa, shi ke shiga Oktoba babu bashi a wuyansa.