Ko Kun Sani? Tsoka Na Da Masu Ɗinke Ta

A gefen zaren tsokar jikinmu akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kwance shiru. Sai tsoka ta ji rauni suke farkawa, su hayayyafa, su ɗinke ɓarakar. Masanin kimiyya Alexander Mauro ne ya hango su a 1961, a tsokar kwaɗo.

Farfesa Helen Blau ta Jami'ar Stanford a Amurka ta shafe shekara da shekaru tana bin diddiginsu. Wani abu ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya: da zarar an ciro ƙwayoyin an zuba su a farantin roba na ɗakin gwaji, sai ƙarfinsu ya gudu. A 2010 tawagarta ta nuna cewa taurin farantin ne matsalar. Suka yi musu shimfiɗa mai laushi daidai da tsoka mai rai, suka dasa su a jikin ɓeraye, sai ga su suna gina sabuwar tsoka.

Daga baya suka gano wani sinadari mai suna 15-PGDH yana taruwa a tsoka idan tsufa ya zo. Da suka dakushe shi tsawon wata guda, tsokar tsofaffin ɓeraye ta ƙara kauri da ƙarfi. A ɓeraye aka gwada, amma ga dattijon da tashi daga tabarma ya zame masa aiki, labarin ba ƙarami ba ne.